Kano 44, Legas 20: Wa Aka Ƙwara a Rabon Ƙananan Hukumomi?

Ɗanladi: Salamu alaikum jama'a. Maganar da nake so mu tattauna ita ce wadda mutanen Kudu ke yawan faɗa, cewa sojoji sun yi son kai wajen ƙirƙiro ƙananan hukumomi, kuma Kano ce babbar shaida. Ni dai na yarda da su. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Legas miliyan 9.1, tazarar ko dubu 300 ba ta kai ba. Amma Kano na da ƙananan hukumomi 44, Legas na da 20. In ka haɗa da Jigawa da aka cire daga Kano a 1991, wadda ke da 27, tsohuwar Kano ta tashi da 71 ke nan. Lokacin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 tsohuwar Kano 20 gare ta, Legas 8. Wato ɗaya ta ninka sau uku da rabi, ɗayar sau biyu da rabi. Kuma kowace ƙaramar hukuma tana da kasonta a asusun tarayya duk wata. An ƙwari Legas, mu kuma muka amfana. Wanda yake da hujjar da ta karya wannan ya kawo.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Malam Ɗanladi, rabin maganarka daidai ce, amma rabin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne kuskuren. An ƙwari Legas, wannan haka yake. Amma ba Kano ce ta cinye kasonta ba. Mu yi lissafin da alƙaluman da ka kawo. Ƙidayar 2006 ta ce Najeriya na da mutum miliyan 140.4. Raba su gida 774, kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da mutum dubu 181. Wannan shi ne ma'aunin. Yanzu ɗora jihohi a kai. Kano, miliyan 9.4 a raba 44, dubu 213 ke nan, wato ta haura ma'aunin ƙasa. Legas dubu 455, ta yi nisa sosai. Kaduna mai mutum miliyan 6.1 da ƙananan hukumomi 23 tana da dubu 266. Zamfara dubu 234, Bauchi dubu 233. To su wa ke ƙasa da ma'aunin? Osun, mutum miliyan 3.4 da ƙananan hukumomi 30, dubu 114 kacal. Akwa Ibom dubu 126, Imo dubu 145, Ekiti dubu 150, Jigawa dubu 161, Oyo da Katsina wajen dubu 170.

Da za a ce a rushe komai a sake rabo bisa yawan jama'a zalla, Legas za ta samu 50, amma Kano ma 52 za ta samu, ba raguwa za ta yi ba. Kaduna za ta koma 34, Bauchi 26, Zamfara 18, Ribas 29. Waɗanda za su yi asara su ne Osun da za ta sauko 19, Akwa Ibom da Imo wajen 22 kowace, Jigawa 24. Ko tsohuwar Kano da ka haɗa, 76 za ta samu a madadin 71.

Ƙarin abu ɗaya. Arewa da Abuja suna da 419, Kudu 355. Raba mutanen kowane ɓangare da adadinsa, Arewa wajen dubu 180, Kudu wajen dubu 183. Kusan kunnen doki. In ka cire Legas daga Kudu maso Yamma, sauran jihohi biyar ɗin suna da 117 da matsakaicin mutum dubu 159. Don haka in Legas na neman inda kasonta ya maƙale, ta fara duba maƙwabtanta.

Ɗanladi: Malam Habu, duk ginin nan naka a kan ƙidayar 2006 ka ɗora shi, ita kuwa Legas ba ta taɓa amincewa da ita ba. In tushen ya karkace, duk lissafin ya karkace.

Malama Rabi: Kai ma da ita ka buɗe maganar, Malam Ɗanladi, amma ƙorafin naka yana da tushe, bai kamata a share shi ba. Gwamnatin Legas ta yi nata ƙirgen a daidai lokacin ta ce mutanenta miliyan 17.5 ne. Ta kuma kai ƙara kotun sauraren ƙorafin ƙidaya, a 2013 kotun ta soke sakamakon wasu wurare a ƙananan hukumomi 14 na jihar ta ce a sake. Ba a sake ba. Sai kuma rajistar zaɓen 2023, inda Legas ke da masu rajista miliyan 7.06, Kano miliyan 5.92.

Sai dai a yi hattara da rajistar zaɓe, ba ƙidaya ba ce. Ɗan shekara 18 zuwa sama kaɗai take ɗauka. A Kano da Jigawa da Katsina kusan rabin jama'a yara ne da ba su kai shekara 15 ba, saboda yawan haihuwa, ita kuwa Legas gari ne da baligai ke kwarara cikinsa neman abinci, da yawansu iyalinsu na can gida. Jiha biyu za su iya yin kai ɗaya a yawan mutane amma su bambanta da miliyan guda a rajista. Kuma ƙidayar 1991 ma abin da ta nuna ke nan, Kano miliyan 5.8, Legas miliyan 5.7, bayan an riga an cire Jigawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko da 2006 ɗin ba ta da aibi, ta tsufa. Ƙa'idar duniya a yi ƙidaya duk shekara goma. Ta 2016 ba a yi ba, wadda aka shirya a 2023 aka ɗage ta ana saura kwanaki. Abin da hukumar ƙidaya ke bayarwa yanzu hasashe ne, a ɗauki adadin 2006 a ɗora masa wani kaso na ƙaruwa duk shekara. Illar wannan a matakin ƙaramar hukuma ta fi muni, don yawanci kason jiha ake shafa wa kowa. Sai ka ga Kumbotso ko Ungogo a gefen birnin Kano, inda gonaki suka koma unguwanni, an ba su ƙaruwa iri ɗaya da ƙaramar hukumar da matasanta ke barinta. Haka Ibeju-Lekki a Legas, da ƙidaya ta ba mutum dubu 117, yau ga matatar Ɗangote da tashar jiragen ruwa a cikinta. Ƙananan hukumomin arewacin Borno kuwa, irin su Abadam da Guzamala da Marte, rikici ya kwashe mutanensu zuwa Maiduguri da Monguno da Diffa, amma a takarda suna nan yadda aka bar su.

Injiniya Lawal: Ku duka kuna ta ƙirga kawuna, ba wanda ya auna ƙasa. Ƙaramar hukuma ba don rabon kuɗi kaɗai aka yi ta ba, an yi ta ne don talaka ya iya isa ga gwamnati ya dawo gida a yini guda. Faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne, matsakaicin ƙaramar hukuma wajen 1,190 ke nan. Jihar Legas gaba ɗayanta wajen 3,500 ce, kuma wani kaso mai yawa ruwa ne. Kano 20,131. Neja 76,363 da ƙananan hukumomi 25, wato kowace sama da 3,000. Taraba na da sama da 54,000 da 16 kacal. Borno sama da 70,000 da 27.

Ku ɗauki Maru a Zamfara. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,600, kusan Legas biyu. Hedkwatarta na kan titin Gusau zuwa Sakkwato, amma Ɗansadau, wadda masarauta ce mai zaman kanta a cikin wannan ƙaramar hukumar, tana can kudu wajen kilomita 100 daga Gusau. Mutumin Ɗansadau da ke son takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma don ɗansa ya shiga makaranta ko aikin ɗamara, sai ya biyo hanyar Magami ya fito Gusau, ya sauya mota ya nufi Maru. In ya tarar mai sa hannu ba ya nan, kwana ya kama shi. Wannan kafin a yi maganar halin da hanyar ke ciki na tsaro. Ta ɓangaren aiki ma haka: jami'in rigakafi da zai kai allura ƙauyukan can dole ya lissafa awannin da ƙanƙarar akwatinsa za ta jure kafin maganin ya lalace, mai duba makarantu kuma man da ake ba shi ba zai kai shi ko rabin makarantun ba a zango guda. Birnin Gwari a Kaduna ta haura 6,000, Borgu a Neja ta haura 11,000, Legas uku ke nan. Ba abin mamaki ba ne da ka ga inda 'yan bindiga suka fi kafa sansani su ne waɗannan manyan ƙananan hukumomi masu dazuzzuka, inda sakatariya ɗaya da babban ofishin 'yan sanda ɗaya ke kula da ƙasar da ta kai wata jihar.

Alhaji Sani: Injiniya, ka tsallake Toro. Mu a Bauchi abin da muka sani shi ne Toro ce ƙaramar hukuma mafi girma a Najeriya, wasu ma na cewa a Afirka ta Yamma.

Injiniya Lawal: Ranka ya daɗe, maganar ta yaɗu amma awo bai goyi bayanta ba. Toro wajen murabba'in kilomita 6,900 ce. Babba ce ƙwarai, sai dai Borgu ta fi ta da nisa, Baruten a Kwara ta haura 9,000, Bali da Gashaka a Taraba ma duk sun fi ta. Abin da ba a ja da shi shi ne Toro ta isa a raba ta, Bauchi kuma tana cikin jihohin da aka ƙwara ta fuska biyu, ga jama'a ga ƙasa, amma 20 kacal.

Ɗanladi: Injiniya, daji ba ya zuwa asibiti, ba ya zubar da shara, ba ya neman aji. Mutane ke yi. Alimosho a Legas ita kaɗai ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan miliyan 1.3, ciyaman ɗaya. Jihar Bayelsa gaba ɗaya miliyan 1.7 ce, tana da ciyamomi 8 da gwamna da sanatoci uku. Ajeromi-Ifelodun a Legas, inda Ajegunle take, mutum kusan dubu 700 ne a cunkushe a ɗan wurin da za ka ratsa da ƙafa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara, gyaran kwalbati da magudanar ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, makewayin jama'a, maƙabartu, da sa hannu a firamare da kiwon lafiya a matakin farko. Duk waɗannan nauyinsu da yawan mutane yake tafiya. Ƙa'idar 1976 ma cewa ta yi ƙaramar hukuma kada ta gaza mutum dubu 150, kada ta wuce dubu 800. Alimosho ta fasa wannan rufin tun tuni.

Hajiya Binta: Bari mu sa kuɗin a faifai, don a nan gardamar take. Abin da ake rabawa daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kason ƙananan hukumomin kuma ana raba shi ne da ma'auni biyar: kashi 40 raba daidai, kashi 30 yawan jama'a, kashi 10 faɗin ƙasa da yanayinta, kashi 10 abubuwan raya al'umma irin su ilimi da lafiya da ruwa, kashi 10 ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida.

Mu ɗauka naira biliyan 100 za a raba. Ƙananan hukumomi na da biliyan 20.6. Kashi 40 nasa biliyan 8.24 ne, a raba gida 774, kowace ta samu miliyan 10.6. Kano ta kwashi wajen miliyan 468, Legas miliyan 213, Bayelsa miliyan 85. Kashi 30 na yawan jama'a biliyan 6.18 ne, a nan Kano na samun wajen miliyan 414, Legas miliyan 401, kusan ɗaya. Saboda haka ribar da Kano ke ci a kan Legas albarkacin yawan ƙananan hukumomi ita ce wajen miliyan 255 a kowace biliyan 100, wato kwabo 25 da ɗoriya a naira ɗari. Ba ƙaramin kuɗi ba ne in aka tara shekara da shekaru, amma ba shi ne abin da ake zuzutawa ba.

Ku kuma lura da wanda kashi 40 ɗin nan ke yi wa aiki. Ba jiha yake fifitawa ba, ƙaramar hukuma mai ƙarancin mutane yake fifitawa ko a ina take. Miliyan 10.6 a hannun mutum dubu 100 naira 106 ce kowane kai. A hannun mutum miliyan 1.3 naira 8 ce. Bakassi a jihar Kuros Riba, wadda ƙidaya ta ba mutum dubu 30 da 'yan kai, kuma an miƙa tsibirin ga Kamaru a 2008, tana nan a jerin tana karɓar nata daidai da Alimosho. Harajin VAT kuma dabam ne, ƙananan hukumomi na da kashi 35, kuma akwai kason inda harajin ya fito, wanda a nan ƙananan hukumomin Legas ke yi wa kowa fintinkau.

Ɗanladi: Hajiya, na karɓi lissafin, amma ba kuɗin wata-wata kaɗai ake rabawa da wannan adadi ba. Shirin ayyuka 774,000 na zamanin Buhari mutum dubu ɗaya aka ba kowace ƙaramar hukuma, naira dubu 20 a wata har wata uku. Kano 44,000, Legas 20,000, Bayelsa 8,000. Zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a 2022, APC daliget uku ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, PDP ɗaya. A lissafin APC Kano 132, Legas 60. Ɗaukar kuratan 'yan sanda ma sau da yawa da ƙaramar hukuma ake rabawa. Sannan mazaɓu: Kano na da 484, Legas 245 a rajistar INEC, kuma tsarin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa da wannan yake tafiya. Kowace gwamnati in ta rasa yadda za ta raba abu sai ta ce kowace ƙaramar hukuma kaza. A nan ƙwarar take taruwa.

Malam Habu: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban ja ba. Amma maganinta a daina rabon kai-da-kai, ba a rage wa Kano ba. Kuma inda aka bi yawan jama'a ai an yi adalci: Majalisar Wakilai Kano kujera 24, Legas 24. Rabon kai-da-kai ɗin nan mutumin Igabi da Zariya da Kaduna ta Kudu, masu sama da mutum dubu 400 kowace, shi ma yana cutarsa kamar yadda yake cutar ɗan Mushin a Legas.

Malama Rabi: Ba ma sai an je Kaduna ba, Malam. A cikin Kano kanta akwai Legas ɗinta. Ƙaramar hukumar Nassarawa ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan dubu 600 a wurin da bai wuce murabba'in kilomita 35 ba. Dala sama da dubu 400. Birni da Kewaye da Gwale da Ungogo kowace ta haura dubu 350. Ƙananan hukumomi takwas na cikin gari, in aka haɗa da Fagge da Tarauni da Kumbotso, suna da mutum wajen miliyan 2.8, kusan kashi 30 na jihar, amma takwas ne cikin 44. A ɗaya gefen ga Tofa da ba ta kai dubu 100 ba, Rimin Gado ta ɗan haura. Kason raba daidai na Tofa ɗaya yake da na Nassarawa. Shi ya sa za ka shiga firamare a Gama ko Tudun Murtala ko Kurna ka tarar da yara sama da ɗari a aji guda a zaune a ƙasa, kwatar unguwa ta toshe, bola ta cinye rabin titi. Ga kuma Doguwa da Tudun Wada da Sumaila a kudu, kowace ta haura murabba'in kilomita 1,200, su matsalarsu irin wadda Injiniya ya faɗa ce.

Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, tsarin mulki bai yarda majalisar jiha ta wuce kujera 40 ba. Don haka a Kano akwai ƙananan hukumomi takwas da ke raba ɗan majalisa biyu-biyu: Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono, Kura da Garun Malam, Ghari (tsohuwar Kunci) da Tsanyawa.

Alhaji Sani: To in haka ne ai abin mai sauƙi ne. A ƙara wa kowa. A raba Alimosho, a raba Nassarawa, a raba Toro da Maru da Borgu, kowa ya huta.

Barista Sadiya: Alhaji, a baki ne yake da sauƙi. Duk ƙarin da ya tabbata sojoji ne suka yi shi da doka ɗaya: 301 a 1976, Babangida ya kai su 453 a 1989 sannan 589 a 1991, Abacha ya kai su 774 a 1996 bayan kwamitin Arthur Mbanefo. Gwamnonin jamhuriya ta biyu sun ƙirƙiri nasu da yawa, Buhari ya soke su a 1984 ya koma 301. Tsarin mulkin 1999 kuma sai ya kulle ƙofar, sashe na 3 ya ambaci 768 da ƙananan hukumomi shida na Abuja, jadawali na ɗaya ya jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Sashe na 8 ya shimfiɗa matakai. Na farko, buƙatar ta samu goyon bayan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jiha masu wakiltar yankin, da kashi biyu cikin uku na kansilolin yankin. Na biyu, a yi ƙuri'ar raba-gardama, kashi biyu cikin uku na mutanen ƙaramar hukumar da buƙatar ta fito su amince. Na uku, a kai sakamakon gaban majalisun ƙananan hukumomin jihar, mafi rinjayensu su amince. Na huɗu, kashi biyu cikin uku na majalisar jiha su zartar. Bayan duk wannan sai majalisar jiha ta aika wa Majalisar Tarayya ta yi dokar shigar da sunan a jadawalin. A wannan matakin na ƙarshe komai ke mutuwa. Tun 1999 ko ɗaya ba a ƙara ba.

Legas ta gwada. Lokacin Tinubu yana gwamna ta ƙirƙiri 37, suka zama 57. A 2004 Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihohin da suka yi haka, Legas da Katsina da Neja da Nasarawa da Ebonyi. Sauran suka janye, Legas ta tafi Kotun Ƙoli. A Disamban 2004 kotun ta yanke abu biyu: shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin ƙananan hukumomin ba su kammalu ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata. Sai Legas ta mai da su yankunan raya ƙasa, waɗanda ake kira LCDA, kuɗin kuma sai zamanin 'Yar'aduwa aka sake shi. Yau Alimosho gida shida ce a aikace, kowane da shugabansa da kansilolinsa, amma kason guda ɗaya suke rabawa.

Hajiya Binta: Kuma dalilin da ya sa Majalisar Tarayya ba za ta taɓa amincewa da na jiha ɗaya ba a fili yake. Kashi 20.60 ba ya ƙaruwa. Tuwon ɗaya ne, hannuwa ne ke ƙaruwa a kwanon. In aka shigar da 37 na Legas, miliyan 10.6 ɗin kowa ya sauko 10.2, sanatan Yobe ko na Ebonyi ba zai ɗaga hannu a rage wa mutanensa ba sai an ƙara masa nasa. In kuma aka ƙara wa kowa, kamar yadda Alhaji ya ce, to a lissafa abin da sabuwar ƙaramar hukuma ke ci kafin ta haƙa rijiya ɗaya: ciyaman da mataimaki da sakatare, kansiloli aƙalla goma tun da mazaɓu ba sa gaza goma, kansiloli masu gafaka, daraktan mulki, ma'aji, shugabannin sassan ayyuka da lafiya da gona da walwalar jama'a da kasafi, sakataren ilimi da ofishinsa, ginin sakatariya, motoci. Ko a yanzu da yawansu in aka cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta, abin da ya rage ba ya gina aji uku. Raba irin wannan gida biyu talauci biyu ka haifar.

Injiniya Lawal: Hajiya, wannan gaskiya ne ga ƙananan, amma kada a yi wa Ɗansadau da Borgu kuɗin goro da Tofa. Akwai wuraren da rashin sakatariya kusa ya fi albashin kansila goma tsada.

Ɗanladi: Shi ya sa nake ganin taron ƙasa na 2014 ƙarƙashin Mai Shari'a Kutigi ya kamo bakin zaren. Shawararsa ita ce a cire jerin ƙananan hukumomi daga tsarin mulki, a haɗa kasonsu da na jiha, kowace jiha ta ƙirƙiri adadin da take so ta ɗauki nauyinsu. Kano ta yi ɗari in ta ga dama, Legas ta yi 57 ɗinta, Zamfara ta ba Ɗansadau tata, ba wanda ya rage wa wani. Gardamar 44 da 20 ta mutu ke nan.

Barista Sadiya: Gardamar za ta mutu, ƙaramar hukumar ma ta bi ta. Malam Ɗanladi, ka duba abin da gwamnoni suka yi da asusun haɗin gwiwa na sashe na 162 alhali ma kuɗin da sunan ƙananan hukumomi yake zuwa: kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, ciyaman ba ya iya taɓa wani kuɗi mai kauri sai da izini daga ma'aikatar ƙananan hukumomi, ayyukan haɗin gwiwa da ba a tambayi kowa ba. In ka ce kuɗin na jiha ne baki ɗaya, me ya rage? Kuma sashe na 179 ya ce sai ɗan takarar gwamna ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jiha, a Kano 30 ke nan. Ka ba gwamna mai ci ikon yanka ƙananan hukumomi yadda yake so, zai yanka su ne inda yake da ƙuri'a.

Ƙasar ma ta riga ta juya wa wannan shawara baya. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kada a ba wadda ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, amma hukuncin ya ƙara wa jerin 774 ɗin nauyi, don yanzu sunan da ke jadawali shi ke da asusu. Wannan ya jefa LCDA na Legas da ire-irensu a wasu jihohi cikin tsaka mai wuya, tun da abin da za su samu ya koma hannun ciyaman na uwar ƙaramar hukumar.

Malam Habu: Barista, to abin da za a iya taɓawa ba tare da gyaran tsarin mulki ba fa?

Barista Sadiya: Ma'aunin rabon. Shi doka ce ta Majalisar Tarayya bisa shawarar hukumar tsara rabon arzikin ƙasa, RMAFC, ba ya buƙatar majalisun jihohi 24. Sashe na 162 ya ma ambaci cunkoson jama'a a cikin abubuwan da za a duba, tare da yawan jama'a da faɗin ƙasa. Za a iya sauko da kashi 40 na raba daidai zuwa 25, a mai da 15 ɗin kan jama'a da ƙasa da cunkoso. A lissafin Hajiya, kason raba daidai zai sauko daga miliyan 10.6 zuwa 6.7, rarar biliyan 3 ta tafi inda mutane ko nisa suke. Alimosho da Nassarawa da Igabi za su samu ta hanyar jama'a, Maru da Borgu da Toro ta hanyar ƙasa.

Hajiya Binta: Amma a yi shi a hankali, kashi uku-uku a shekara har shekara biyar. Ƙaramar hukuma mai mutum dubu 100 kason raba daidai shi ne ƙashin bayan albashinta. In aka zare mata sama da kashi ɗaya cikin uku nasa a wata guda, malaman firamare ne za su fara rasa albashi, ba ciyaman ba.

Malama Rabi: Kuma kada a ƙara wa yawan jama'a nauyi a rabo kafin a yi ƙidaya. In ba haka ba kuɗin Kumbotso da Ibeju-Lekki za a ci gaba da auna shi da mutanen 2006, kuma duk ranar da aka zo ƙirgen kowane ciyaman ya san kowane kai kuɗi ne, sai an sa ɗaukar hoton yatsa da taswirar kowane gida kafin a yarda da abin da zai kawo.

Ɗanladi: Na ji, amma ina nan kan bakana a kan Legas. Jiha mai mutum dubu 455 a kowace ƙaramar hukuma, ko da da ƙidayar da take ƙorafi a kanta, ta cancanci a shigar mata da wasu daga cikin 37 ɗin nan, ko da goma ne, a haɗa da Ɗansadau da rabin Borgu da rabin Nassarawa a ƙudiri guda don ya samu ƙuri'ar kowane ɓangare.